Dubu Uku da Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Aliero
hadari ya kayar da turken wuta a hanyar Jega,
ɗakin gwaji ya yi ɗif.
Fankar sama ta ƙarasa juyinta ita kaɗai, ta tsaya.

Ban fara da allon kwamfuta ba.
Wajen babbar randar na nufa,
farar nan da ta fi ni tsawo,
wadda ba a kusantarta da makulli a aljihu.
Na kasa kunne. Numfashin sanyi kawai.
Maganaɗisu bai san an ɗauke wuta ba,
yana zaune cikin heliyam ɗinsa
kamar tsohon da ya daina tambayar labarin gari.
Madalla. Ran da ya yi fushi ya amayar da sanyinsa,
kuɗin sashenmu ba zai lallashe shi ba.

Batir na kuka, ƙit, ƙit.
Minti goma sha biyu ya yi mini alkawari,
na kuwa san shi da saɓawa.

A cikin randar akwai kwalba, siririya kamar karan alƙalami,
a cikin kwalbar akwai wata bakwai na rayuwar Kulu:
ɓawon marke da ta saro a bayan gari,
ta shanya, ta daka, ta jiƙa, ta tace,
ta sake tacewa har yatsunta suka yi fari,
buhu guda ya koma abin da bai kai ƙwayar gero uku ba.

Tambaya ɗaya muke yi wa kabon da ke ciki,
sau dubu huɗu da casa'in da shida.
Kabon ba ya ɗaga murya.
Raɗa yake yi, iska ta kwashe rabi,
sai an tara raɗa bisa raɗa kafin ta zama magana.
A dubu uku da goma sha ɗaya aka katse masa hanzari.

Na adana abin da ya samu.
Guntun gatarinka, in ji mutane.

Can waje Arzika na faɗa da janareta,
tocila a baki, ruwa na bin ƙeyarsa.
Injin ya yi tari uku, ya yi shiru, ya sake tari,
sannan ya kama.

Kulu ta tashi daga kan benci, shatin littafi a kumatunta.
"Malam, a ɗora daga inda ya tsaya?"

Na so in ce e.
Amma ɗakin ya ɗumama, fili ya goce da ɗan kaɗan,
kuma zaren da ya tsinke, ko an ƙulla,
masaƙi ya san inda ƙullin yake.
In muka haɗa daren jiya da na yau a tulu ɗaya,
wanne za mu zarga in ruwan ya yi laka?

Na buɗe mata rabin aikin.
Hayaniya ce kwance kamar ciyawar fadama,
sai can gefen hagu wani ɗan tsini
ya miƙe shi kaɗai, ya ɗara 'yan'uwansa.
Ta kai yatsa, ba ta taɓa allon ba.
"Shi ne?"
"Wataƙila. Bari ya maimaita a gaban shaidu."

Na zauna daidaita fili, juyi kaɗan, jira, juyi kaɗan,
kamar mahaifina yana laluben tasha a rediyo da asuba.

A littafin ɗaki na rubuta lokacin da wuta ta tafi,
da lambar da muka tsaya, da zafin ɗaki,
da cewa dizal ya rage kwata.
Wanda zai zo bayana kada ya yi duba, ya karanta.

Ladan ya yi gyaran murya.
Motar albasa ta wuce, tagogi suka amsa.
Kulu ta ja kujera kusa da allo,
lamba ta koma ɗaya,
ta ƙirga tare da ita har bakwai,
sannan ta tafi alwala.